Jan Layi a Bangon Awo

Kwana uku ke nan warin fenti ya cika kwalejin horar da 'yan sanda, don haka ko kurtun da ya shigo jiya ya san 'yan majalisa na tafe. An shafe ofisoshi, an shafe duwatsun bakin hanya, an shafe bishiyoyi daga gindi har ƙugu. Wani kofur da ya jingina da bangon kicin yana gyangyaɗi ya tashi da rabin bayansa fari fat. Kwamanda ya gan shi, ya ce ba laifi, ya dace da wurin.

Duk bayan shekara biyu kwamitin majalisa mai sa ido kan horar da jami'an tsaro yakan zo ya duba kwalejin, ya sabunta mata takardar amincewa. In babu wannan takarda, shaidar da kwalejin ke ba ɗalibanta ba ta fi takardar naɗe burodi daraja ba. Saje, tsohon ma'aikacin kwalejin, ya ga zuwansu sau takwas, wannan ne na tara, kuma bai taɓa ganin an hana ba.

Aikinsa ɗaya ne shekara goma sha takwas, shi ya sa ake kiransa Sajan Awo. A ɗakin farko daga bakin get akwai bango, a jikin bangon akwai jan layi. Duk mai son shiga kwalejin sai ya cire takalmi da hula, ya manna dugadugansa da bango, Saje ya ɗora masa rula a ka. In rula ta taɓa layi ko ta wuce, Saje ya sa hannu a fom, mutum ya wuce ɗakin likita. In ba ta kai ba, ƙofar da ya shigo ta nan ita ce ta fita. Doka ta ce santimita ɗari da sittin da uku, mace ko namiji, layin nan kuwa a wurin Saje shi ne dokar. An kawo masa wasiƙun manya, an yi masa kuka da majina, an zo masa da tulin gashi, an zo masa da safa uku a ƙafa ɗaya. Shi dai ya danna rula ya ce, "Na gaba."

Abin da ya daɗe yana damunsa shi ne yadda 'ya'yan mutane ke ƙara gajarta. Da can cikin goma yakan mayar da biyu. Yanzu sai ya mayar da shida, mata kuwa shekara huɗu ke nan ba a samu ko ɗaya da ta kai ba. Ya yi nazari a kai, ya yanke hukunci cewa waya ce. Yaro ya wuni a duƙe a kan waya, ta ina zai miƙe?

Ran Litinin ɗin makon nan rula ta sauka a kan Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Tun tana firamare take sato hularsa ta sa tana tsayar da kekuna a ƙofar gida. Ta gama difiloma, ta shekara tana gudu kowace safiya, ta haddace littafin dokokin da shi kansa ya manta rabinsa. Wata mai zuwa za ta cika ashirin da biyar, kuma doka ta ce wanda ya cika ashirin da biyar ya wuce shiga. Ɗaukar bana ce ta ƙarshe a gare ta. Saje ya danna rula, ya duba, ya sake dubawa. Saura yatsa uku. Ya ce, "Na gaba."

Tun daga ranar matarsa ta canza masa suna.

"Yallaɓai, ga shayinka," in ji ta da safiyar zuwan kwamiti, ta dire kofin har ya fantsala.

"Yau ma ni ne Yallaɓai?"

"To me zan ce? Uba dai na san ido gare shi a kan 'yarsa. Kai rula gare ka."

"Layi ne, Maman Auta. Ni na zana shi?"

"A asibiti an auna ta, an ce ɗari da sittin da biyar."

"Asibiti da takalmi suke auna mutum."

"Da takalmin wa? A gabana ta cire."

"To ma'auninsu ne ya saki. Na gwamnati ba ya saki."

"Asibitin na ubana ne?" Ta ja tsaki, ta shiga goge teburin da ba abin da ya same shi. "Tsawonka dai ta ɗauko, ba nawa ba. In gajera ce, ka san wanda za ka kai ƙara."

Ya kurɓi shayi, ya tarar ba sukari, ya haɗiye a haka. Can ya ce, "Ina take?"

"Ta fita tun ɗazu da kwali da alƙalami. Ita da sauran waɗanda ka kora sun rubuta wa majalisa koke, yau za su tsaya a bakin get ɗinku. Ta ce in ka gan ta kada ka gaishe ta, kada ta ɓata maka aiki."

Yau ɗin kuma ita ce ranar ƙarshe ta awo. Ƙarfe huɗu za a rufe rajista, sai kuma baɗi.

Ya same su a bakin get kamar yadda aka ce, sun kai arba'in, maza da mata, riƙe da kwalaye. Na Auta an rubuta, MUN KAI, A SAKE AUNAWA. Saje ya wuce yana kallon gabansa kamar mai fareti. Bai jima da shiga ba Kwamanda ya aiko aka kwashe su aka mayar bayan tankin ruwa, inda ko mai neman su sai ya yi tambaya.

Kwamitin da aka ce ƙarfe tara ya iso sha ɗaya da rabi, motoci bakwai, 'yan majalisa biyar. Shugabansu, wanda kowa ke kira Ciyaman, gajeren mutum ne mai doguwar hula, ya sauko yana amsa waya yana amsa sarawar kurata da hannu ɗaya. Akawun kwamiti na biye da shi rungume da fayil. An ce rahoton ziyarar yana ciki, an riga an buga, kwanan wata kawai ya rage. Daga motar ƙarshe wata dattijuwa ta fito da ƙatuwar jaka da tabarau a rataye a wuya. Shekara talatin ta yi a kan keken ɗinki kafin mutanen mazaɓarta su tura ta majalisa. Abokan aikinta suka laƙaba mata Honarabul Tela don tsokana, ita kuwa ta karɓa tana amsawa.

Aka fara zagaye. Takardar sharuɗɗa ta ce kowane gini sai da tukunyar kashe gobara, kwalejin kuwa guda ɗaya gare ta mai aiki. Don haka aka ware kofur guda, aikinsa ya saɓa ta ya zaga ta baya da gudu, ya rataye ta a gini na gaba kafin baƙi su iso. A gini na huɗu Honarabul Tela ta tsaya ta shafa tukunyar daidai inda ta lotse, ta ce, "Sannu baiwar Allah, yau kin sha yawo." Kwamanda ya yi dariya fiye da kowa.

A ɗakin karatu Ciyaman ya zaro littafi, ya juya shi, ya ce madalla. Hatimin makarantar 'yan mata ta maƙwabta na nan ɓaro-ɓaro a bangonsa. A ɗakin kwamfuta ana buɗe ƙofa wuta ta ɗauke, Kwamanda ya nuna takaicinsa matuƙa, duk da cewa shi ya sa mutum a gindin mita. Akawu yana tafe yana sa alama a takarda, bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Ƙamshin abinci ya fara tasowa daga babban zaure lokacin da Akawu ya matso kusa da Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, saura abu na bakwai. Takardar koke."

"Koken me?"

"Na waɗanda aka ce sun yi gajarta. Mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu."

Ciyaman ya dubi agogo. "Gajarta kuma laifin majalisa ne? Mu muka haife su?" Sauran suka yi dariya. "Kwamanda, ina ake awon? Mu leƙa, a ɗauki hoto, mu je mu ga abin da ke cikin zauren can."

Saje ya ƙame ya sara, ya yi bayanin aikinsa kamar yadda ya yi sau takwas a baya: takalmi, hula, dugadugi, rula, na gaba. Aka jeru don hoto a gaban bango. Ciyaman ya zaɓi wuri nesa da layin, ya ƙara gyara zaman hularsa.

Honarabul Tela ba ta shiga hoton ba. Ta sa tabarau, ta ja baya, ta karkatar da kai tana kallon jan layin kamar yadda ake kallon bakin rigar da almajirin ɗinki ya karkata.

"Saje, nawa ka ce layin nan?"

"Ɗari da sittin da uku, ranki ya daɗe."

"Wa ya faɗa maka?"

"Haka na same shi."

"Kai nawa ne?"

"Rabona da awo tun shigata aiki, ranki ya daɗe."

Ta dube shi daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya. "Kai ɗari da sittin da shida ne. Ƙugunka kuma ya fi ƙarfin wandon nan da inci biyu. Cire takalmi."

Saje ya dubi Kwamanda. Kwamanda yana yi wa mai hoto murmushi, ya ce ta cikin haƙora, "Cire mana."

Ya cire. Babban yatsansa na dama ya leƙo ta hujin safa a gaban majalisa. Ya juya ya manna dugadugansa da bango, ya ji sanyin siminti da ɗan danƙon fenti a bayansa. Shekara goma sha takwas yana tsaye a gefen bangon nan yana fuskantar mutane, bai taɓa jingina da shi ba. Dattijuwar ta karɓi rularsa, ta ɗora masa a ka, ta danna. Ya juya ido sama, ya hango jan layin a can bisa kansa.

"Saura yatsa biyu," in ji ta. "Ba ka kai ba, Saje. Na gaba."

"Tsufa ne," in ji wani ɗan majalisa mai tumbi. "Mutum in ya manyanta lotsawa yake yi. Kawuna sai da ya koma kamar yaro."

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe," in ji Kwamanda da sauri. "Saura wata biyar ya yi ritaya."

"To zo kai, Kwamanda, ai kai da sauranka."

Kwamanda ya ce dokar aiki ta hana babban jami'i cire hula a bakin aiki. Ba ta ja da shi ba. Ta zuge jaka, ta fito da ƙwayar maganin tari, da kwalin allurai, da almakashi, daga ƙarshe ta zaro tef ɗin awo wanda lambobinsa suka fara koɗewa. Ta miƙa wa Saje bakinsa ta ce ya danne a ƙasa. Ya tsuguna ya danne. Ta ja tef ɗin sama, ta matso da tabarau.

"Ɗari da saba'in."

Murmushin Kwamanda ya ɗauke kamar wutar ɗakin kwamfuta. Ya juyo gaba ɗaya. "Saje! Wa ya taɓa layin gwamnati?"

"Ba mai taɓa shi, yallaɓai." Saje ya ɗaga ido ya dubi layin. "Sai dai mai fenti."

Aka samo Mai Fenti a bayan kicin yana wanke buroshi. Dattijo ne siriri, ɗigon fari har a girarsa. Ya shigo yana goge hannu a wando, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, da ya ji a kan layi ake magana sai fuskarsa ta saki, don ya ɗauka yabo ne.

"Ai ni aikina tsaf nake yin sa, ranku ya daɗe. In na shafe bango da fari, tsohon layin yakan leƙo ta ƙarƙashi, tunda ja ne, ba ya ɓuya da shafa ɗaya. In ka ja sabo a kansa sai ya yi dabbare-dabbare, kamar an yanka kaza a wurin. To sai in ja sabon a samansa, daf da shi, inda farin ya fita fes. Sannan in bi tsohon da shafa biyu in binne shi. Ku duba ku gani, ko rula ba ta fi shi miƙewa ba."

"Sau nawa ka yi haka?" in ji Honarabul Tela.

"Ai ni ba a kirana sai in za ku zo, ranki ya daɗe. Ku kuka san sau nawa kuka zo."

Ta ɗauki almakashi ta buɗe shi, ta sa bakinsa a ƙarƙashin jan layin ta fara kankara. Fenti ya riƙa zubowa ɓawo-ɓawo a kan takalman manya. Wani jan layi ya fito. Ta ƙara yin ƙasa, wani ya fito. Suka yi ta fitowa a jere kamar layukan littafin rubutu, kowane ya fi na samansa dusashewa. Mai Fenti yana taya ta ƙirga, yana tuna shekarar kowane da irin fentin da aka sayo. Guda goma suka samu. Na can ƙasa ya koma ruwan ƙasa don tsufa. Ta ɗora masa tef, Saje ya danne.

"Ɗari da sittin da uku cif."

Akawu ya buɗe fayil, ba wanda ya sa shi. "Ziyara tara ke nan da ta yau, ranka ya daɗe. Kowane rahoto ya ce an duba ɗakin awo an same shi cikin kyakkyawan yanayi. Biyar daga ciki da sa hannunka."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Ciyaman. "Kai mai hoto, sauke abin nan."

Saje yana tsugune riƙe da bakin tef, bai ma san an gama awon ba. Fuskoki ne ke wucewa a ransa, na shekara da shekaru. Wani dogon wuya da ya zo sau uku. Wata da ta ce masa Allah ya isa a hankali, cikin ladabi. Sai Auta ran Litinin, da ba ta yi kuka ba, ta sa takalminta a tsaye ta fita ba ta waiwayo ba.

Ciyaman ya gyara murya. Ya ce wannan al'amari babba ne, kuma majalisa ba ta gaggawa a kan babban al'amari. Ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti ya binciki tarihin bangon, ya gana da masu ruwa da tsaki, ya kawo rahoto cikin kwana casa'in. Ya ce Honarabul Tela ce za ta shugabance shi, tunda ita ta tono. Takardar amincewa kuwa za a sabunta ta na wucin gadi, don ba za a hukunta kwaleji guda saboda buroshi ba. Aka tafa. Ya nufi ƙofa.

Kwana casa'in. Saje ya lissafa a yatsun da ke riƙe da tef: saura kwana ashirin da shida Auta ta cika shekarunta, saura awa biyu da 'yan mintoci a rufe rajista. Tunda ya shiga aiki bai taɓa yi wa babba magana ba a tambaye shi ba. Ya miƙe, ƙafa ba takalmi, ya sara.

"Ranka ya daɗe, kafin kwana casa'in ɗin, da wane layi zan riƙa awo?"

Kwamanda ya watsa masa harara. Ciyaman ya tsaya a bakin ƙofa, hancinsa ya riga ya yi gaba.

"Wannan wace irin tambaya ce? Da na doka mana! Mu da muke yin doka za mu ce ka bi wani abu daban?"

"Akawu, ka rubuta?" in ji Honarabul Tela.

"Na rubuta, ranki ya daɗe."

Ta ari biron Akawu, ta duƙa ta sa hannu a jikin bango daidai layin ƙasa, ta rubuta kwanan wata. Ta naɗe tef ɗinta, ta mayar da kayanta jaka ɗaya bayan ɗaya. Da za ta fita ta ce, "Wandon nan ka kai a buɗa maka, kada ya yi maka abin kunya a fareti."

Kwamanda ya bari suka yi nisa, ya dawo da baya, ya dubi Saje da Mai Fenti, ya rage murya. "Ku biyu. Kafin su gama cin abinci a shafe wannan abin kunyar. A mayar da layi inda yake da safe, sai ƙaramin kwamiti ya yi magana. Kun ji ni?"

"Mun ji, yallaɓai."

Ya tafi. Mai Fenti ya tsaya yana kallon layukansa goma, ya kasa haɗa ido da Saje. "Wallahi ban san haka abin yake ba. Ni kyau kawai nake nema."

"Ni ma ban sani ba."

"Farin ya ƙare, sai na dama wani. Minti ashirin."

Saje ya zauna yana sa takalmi. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da aka yi don kada manya su riƙa cire 'ya'yan talakawa suna cusa nasu: fom ɗin da Sajan Awo ya sa wa hannu ba mai ikon soke shi a kwalejin, sai dai majalisa. Ya ɗaure igiyar dama, ya ɗaure ta hagu, ya kwance ya sake ɗaurewa.

"Dama shi a hankali," in ji shi.

"Kamar yaya?"

"Kamar zuwa ƙarfe huɗu."

Mai Fenti ya sosa gira. "Fenti mai kyau dama ba ya son gaggawa."

A bayan tanki rana ta rage su, saura talatin da bakwai, sun cure a 'yar inuwar da ta rage suna fifita da kwalayensu. Saje ya nufi wurinsu, mai gadin get ya tare shi. "Saje, Kwamanda fa ya ce kada..."

"Ciyaman ya ce. Ka fi Ciyaman ne?" Ya buɗe muryar fareti wadda ya daɗe bai yi amfani da ita ba. "Masu awo! A yi layi!"

Suka dubi juna, suka dubi Auta. Ita ba ta motsa daga kan bulon da take zaune ba.

"Ai an riga an auna mu, Baba."

"Bangon ne ya yi tsawo."

"Bango?"

"Tashi, lokaci na tafiya."

"Ka ce asibiti ne ba su iya awo ba."

"Na ce."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ƙarfe biyu da kwata. Shari'a za ki tsaya yi, ko takalmi za ki cire?"

Ta tashi ta kakkaɓe siket. Amma maimakon ta shiga gaba sai ta koma can ƙarshen layi. Ya yi mata alama da ido, ta ce ita ta tara su, ita za ta zama ta ƙarshe. Ya so ya ce wani abu, ya tuna daga inda ta ɗauko taurin kan, ya juya ya ja su zuwa ɗakin awo.

Bai taɓa aiki da sauri irin na ranar ba, kuma bai sassauta wa kowa ba. Takalmi, hula, dugadugi, rula. Fom yana da layi goma sha ɗaya da za a cike, shi kuwa rubutu bai zo masa da wuri ba, kowane harafi sai ya zana shi. Daga babban zaure lasifika na kawo muryar Ciyaman yana jawabi a kan muhimmancin sa ido. Yau ce rana ta farko da Saje ya yi wa mai dogon jawabi addu'ar ƙarin numfashi.

Ba duka suka kai ba. Wani ɗan ƙaramin saurayi da rula ta tsaya masa ƙasa da layin ƙasan ma ya leƙa bangon ya ce, "Saje, ko a ƙara kankarewa, wataƙila akwai wani a ƙasa?" Ɗakin ya kwashe da dariya har da shi kansa. Saje ya ce masa ya yi haƙuri, abin da bai taɓa ce wa kowa ba a ɗakin nan.

Ana kan mutum na ashirin da biyar odilan Kwamanda, kurtun da ke masa hidima, ya leƙo, bakinsa da maiƙo. "Kwamanda ya ce an gama?"

"Ka ce masa ana dama fenti."

Odilan ya dubi jerin mutane ba takalma, ya dubi Saje, ya ga abin ya fi ƙarfin igiyarsa, ya ja ƙofa a hankali.

Saura mutum huɗu aka ji tafi ya ɓarke a zaure. Saura biyu aka ji ana tada motoci. Agogon bango ya nuna huɗu saura minti goma lokacin da Auta ta ajiye takalminta a gefe, ta tako ta manna dugaduganta. Ba ta dube shi ba, idonta na kan ƙofa. Ya ɗora rula ya danna, ya ƙara dannawa fiye da yadda ya yi wa kowa.

"Baba, kai ne fa, ba ƙusa ba."

Ya duba. Rula ta wuce layin ƙasa, ta wuce sa hannun Honarabul Tela, da yatsa guda har da ɗoriya. Ya koma tebur ya cike layi goma sha ɗayan. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Hatimin bai bushe ba Kwamanda ya tsaya a bakin ƙofa da tsinken sakace a baki. Ya dubi bangon da ke nan a kankare, ya dubi dogon layin da ya miƙe daga ƙofar likita har baranda, kowa riƙe da fom. Ya cire tsinken.

"Saje, me nake gani?"

"Fom talatin da ɗaya, yallaɓai. Shida ba su kai ba."

"Ni na ce ka yi awo?"

"Ciyaman ya ce da layin doka. Akawu ya rubuta."

Kwamanda ya jefar da tsinken. Ya leƙa waje, motar ƙarshe tana fita get. "Daga gobe ka koma gadin ɗakin ajiyar katifu. Can za ka ƙarasa wata biyar ɗinka, ka auna ɓeraye."

"To, yallaɓai."

"Ke kuma wace ce kike min tsaye ba takalmi?"

"Kurtu ce, yallaɓai," in ji Auta, "in likita ya yarda."

Ya yi ƙwafa ya wuce, har yana karo da Mai Fenti da ke zaune a baranda yana ta juya sanda a bokiti.

Saje ya rufe rajista ƙarfe huɗu daidai, ya sa ta a durowa ya murɗa makulli. Auta ta ɗauki fom da takalminta, ta kai bakin ƙofa ta tsaya.

"In gaya wa Mama, ko kai za ka gaya mata?"

"Ni zan gaya mata." Ya yi ɗan tunani. "A'a, ke gaya mata. Amma ba sai kin kawo maganar an auna ni ba."

"Ai mai gadin get ma ya ji, Baba. Har masu kicin." Ta sa ƙafa ɗaya a takalmi. "Yatsa biyu aka ce, ko uku?"

"Wuce, likita zai tashi."